Bashi ya kai mini wuya: ko kotu za ta iya sauke mini shi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, mata ɗaya da 'ya'ya biyar, ina aiki a wani kamfani kan albashin naira 210,000. Bashin da ke kaina ya kai miliyan uku cif: banki 1,150,000, manhajojin rance na waya guda uku 420,000, ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinmu 380,000, mai shagon hatsi 190,000, kuɗin haya 250,000, makarantar yara 160,000, sai yayan matata 450,000. Banki da ƙungiya suna cire 100,000 kafin albashi ya iso hannuna, abin da ya rage ba ya kai mu ashirin ga wata, sai in sake ci a manhaja. Yanzu masu manhajar sun fara tura saƙon cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayata. Abin da na mallaka fili ne da zai yi kamar 900,000, da babur ɗin da nake zuwa aiki da shi. Wani ya ce mini akwai dokar da mutum zai je kotu a ayyana cewa ya karye, a yafe masa komai. Wani kuma ya ce in yi sauri in mayar da filin da sunan ƙanena. Maiɗakina ba ta san ko rabin abin ba, barci ma ya gagare ni. Ina mafita?

Magidanci daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yaye maka, Ya buɗa ta inda ba ka zato.

Dokar da aka ba ka labari tana nan. An yi ta a 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara, kamar yadda sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Mai bashi yana iya kai kansa, masu binsa ma suna iya kai shi. Idan kotu ta karɓa, sai ta ɗora wani jami'i a kan dukiyarsa, shi kuma ya rubuta duk abin da ya mallaka da duk abin da ake binsa bisa rantsuwa, a tara masu bin bashi. In ba a cimma sulhu ba sai a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a sayar da dukiyar a raba musu, a buga sunansa a jaridar gwamnati. Kotu na iya sa a riƙa yankar wani kaso na albashinsa. Kafin a sallame shi ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ba, ba zai zama darakta a kamfani ba sai da izinin kotu, kuma laifi ne ya ci sabon bashi bai faɗi halin da yake ciki ba. Wanda ya riƙe jingina yana nan da jinginarsa, bashin da aka ci ta hanyar zamba kuwa sallama ba ta goge shi.

Ka ga ke nan ba yafiya ake rabawa a can ba. Sannan hanya ce da da wuya ka ji ɗan albashi ya bi ta a ƙasar nan, saboda kuɗin lauya da shekarun zaryar kotu za su iya cinye filin naka tun kafin mai hatsi ya ga sisi. Ga bashin miliyan uku da aka watsa tsakanin mutum tara, rabinsu mutanen da kuke haɗuwa a masallaci da wajen ɗaurin aure, ba mu ba ka shawarar ka nufi can ba. Abin da muke so ka ɗauka daga dokar shi ne tsarinta: ka yi wa kanka abin da alƙali zai yi maka, da hannunka, tun mutuncinka yana tare da kai.

Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a suke aiki da shi ya san wannan matsala tun da daɗewa, da sunan taflisi. Wanda bashi ya mamaye dukiyarsa ana hana shi kyauta da ita. Idan masu bi suka kai ƙara, alƙali zai tsare dukiyar, ya bar masa tufafinsa da abin ciyar da iyalinsa, ya sayar da sauran ya raba gwargwadon abin da kowa ke bi. Wanda ya sayar masa da kaya bashi kuma ya tarar da kayan nan nasa ba su canja ba, shi ya fi cancanta da su. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya har bashi ya yi masa yawa. Manzon Allah (SAW) ya sa aka tara masa sadaka, ba ta isa ba, sai ya ce wa masu binsa su karɓi abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. Malamai sun fassara shi da cewa ba za a matsa masa a halin da yake ciki ba, amma ragowar tana nan a wuyansa har ya samu hali, daidai da aya ta 280 a Suratul Baƙara da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ko da wata kotu ta sallame ka a takarda, kuɗin yayan matarka yana nan sai ka biya ko ya yafe.

To, daga ina za a fara? Daga daina ci. Gidanka yana buƙatar kamar 150,000 a wata, hannunka yana karɓar 110,000, giɓin 40,000 ɗin nan shi kake cikewa da rancen manhaja mai wa'adin mako ɗaya ko biyu ko wata, wanda ruwansa ya fi na kowa tsada. Duk wata ramin yana ƙara zurfi, domin wata mai zuwa giɓin yana nan ga kuma na baya da ruwansa. Muddin ba a toshe wannan ƙofa ba, duk wani lissafi da za a yi ɓata tawada ne. Kada ka ƙara karɓar ko naira ɗaya da niyyar biyan wani bashi, kuma ka guji masu cewa za su haɗe maka basussuka wuri ɗaya idan ka fara biyan kuɗin fom.

Sai maiɗakinka. A daren nan, kafin saƙon masu manhaja ya riga ka zuwa wayarta. Ita ce ke riƙe da tukunya, ba za a rage cefane ba tare da ita ba, kuma yayanta yana cikin masu binka. Ka gaya mata jimillar gaba ɗaya, kada ka gutsura. Ka kuma sani cewa dukiyarta tata ce: keken ɗinkinta, 'yan kunnenta, kayan ɗakinta, babu mai binka da ke da haƙƙi a kansu, a shari'a ko a doka, sai fa in ta sa hannu ta tsaya maka. In ta ga dama ta taimaka, a rubuta ko kyauta ce ko rance. Kada ka matsa mata.

Daga nan ka sami littafi, kowane mai bi shafinsa. Ka rubuta nawa ka karɓa a hannu, nawa ka riga ka biya, nawa ake cewa ya rage, nawa ne uwar kuɗi a ciki nawa ne ruwa da tara, wa ya tsaya maka, me ka ba da jingina, ka ba da cak ko ba ka bayar ba. Ka je banki ka nemi cikakken bayanin asusun rancen tun daga ranar farko da kwafin takardar da ka sa wa hannu, ka bi layi-layi, domin ana samun cajin da aka cira sau biyu ko tarar da ba ta cikin yarjejeniya. Ka kuma nemi rahotonka daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba ka damar samun rahoto ɗaya kyauta a shekara. A nan za ka ga abin da aka rubuta a kan lambarka ta BVN, har da rancen da ka biya amma ba a goge ba.

Tambayar cak ba ta wasa ba ce. Bashi zalla ba laifi ba ne: sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin kuɗi tsakanin mutane, kuma doka ta hana a kama matarka ko ɗanka a madadinka. Amma cak ɗin da ya dawo babu kuɗi, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Haka kuɗin amana, ko na adashin da aka ba ka riƙo, ko kayan da aka ba ka ka sayar ka cinye kuɗin, waɗannan suna iya komawa tuhumar cin amana. Idan akwai irin wannan a cikin lissafinka, shi ne kan gaba, kuma ka je wurin mai riƙe da cak ɗin kafin ranarsa ta cika ku sauya shi da rubutacciyar yarjejeniya.

Yanzu maganar fili. Wanda ya ce ka mayar da shi da sunan ƙanenka bai so ka da alheri ba, ko da ya yi nufin haka. Kotu na iya warware kyauta ko cinikin bogi da aka yi don guje wa masu bin bashi, kuma ranar da abin ya fito duk wanda ya yi niyyar yi maka sassauci zai janye. Rangwamen da aya ta ba mai ƙunci ba ta ba mai ɓoye dukiya ba, hadisi ma ya kira jinkirin mai hali zalunci. Ga kuma haɗarin da ba a cika tunawa ba: in ƙanen ya rasu, filin ya shiga gadon 'ya'yansa. Ka sayar da filin a fili, ka ji farashi daga dillalai biyu ko uku, ku yi maganar la'ada tun farko, kada ka nuna kana cikin matsi domin za a taya shi da rabin kuɗinsa. Kuɗin kuma kada ya kwana a hannunka ba tare da an riga an tsara inda kowace naira za ta ba. Babur ɗin ka riƙe shi, da shi kake nemo albashin da za a biya kowa, kuma kuɗin adaidaita sahu na wata ya fi kuɗin mansa.

Ga yadda alƙali zai raba 900,000 a kan bashin 3,000,000: kowace naira ta sami kwabo talatin. Banki 345,000, manhajoji 126,000, ƙungiya 114,000, mai hatsi 57,000, mai gidan haya 75,000, makaranta 48,000, surukinka, wato yayan matarka, 135,000. Ragowar bashi 2,100,000. Idan gida ya tsaya a 150,000, har da abin da za ka riƙa warewa duk wata don hayar baɗi, abin da za ka iya biya daga albashin 210,000 shi ne 60,000 a wata, har da kason banki da ƙungiya. A kan wannan ma'auni banki zai sami 23,000 a wata, manhajoji 8,400, ƙungiya 7,600, mai hatsi 3,800, mai gida 5,000, makaranta 3,200, suruki 9,000. In aka tsayar da ruwa, wata 35 ke nan, kusan shekara uku.

Wannan lissafi ma'auni ne da za ka riƙe a hannu lokacin magana, ba lallai ya tabbata haka daidai ba. Amfaninsa shi ne kowa zai ga ba a fifita wani a kansa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a biya wanda ya fi ɗaga murya, wato mai manhaja, a bar mai hatsin da ya yi shekara yana auna maka masara yana kawaici. In za a kauce wa ma'aunin, a kauce da yardar wanda abin zai shafa. Misali surukinka ya amince a ba mai gida kasonsa na kuɗin fili, sai mai gida ya karɓi 210,000 daga cikin 250,000, ka tsira da wurin kwana. Mai gida ba shi da ikon fitar da kayanka ko cire ƙofa da kansa, sai ya ba da notis ya kuma sami umarnin kotu, amma bashin haya hujja ce mai ƙarfi a hannunsa, don haka kada ka dogara da jan lokaci.

Banki ne zai fi wuya. Kada ka tsaya ga maganar baki da ma'aikacin da ke kan kanta. Ka rubuta wasiƙa ga manajan reshe, ka haɗa da takardar albashi da jadawalin basussukanka, ka nemi abu uku: a karɓi 345,000 a rage uwar kuɗi, a cire tarar jinkiri, a tsawaita wa'adi yadda abin da ake cira zai sauko. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka yi haka tun ba ka fara saɓa biya ba, domin an fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa. Abu ne mai yiwuwa su ƙi saukowa zuwa 23,000, su tsaya a 40,000 ko kusa da haka, kuma tsawaita wa'adi yana ƙara jimillar ruwan da za ka biya, don haka ka nemi a rubuta maka jimillar ƙarshe kafin ka sa hannu. In sun tsaya a 40,000, saura 20,000 ga sauran, sai ka koma musu da gaskiyar lamarin. Idan ka ga cajin da bai dace ba kuma banki ya ƙi gyarawa, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya yana karɓar ƙorafi bayan ka fara kai shi ga bankin a rubuce.

Kada ka karkatar da albashinka zuwa wani banki a ɓoye. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI, wanda in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, banki zai bi lambar BVN ya kwashi uwar kuɗi da ruwa daga asusunka na wasu bankuna, har da asusun haɗin gwiwa. Shi ya sa bai kamata kuɗin maiɗakinka ko na marayun da kake riƙo ya zauna a asusun da ke ɗauke da sunanka ba. A ƙungiyar ma'aikata kuwa, ka fara sanar da waɗanda suka tsaya maka, domin albashinsu za a taɓa in ka gaza. Ka tambayi shugabanni ko za a iya cire bashin daga ajiyarka da ke wurinsu, sau da yawa wannan kaɗai yana rage shi sosai.

Masu manhaja suna binka kuɗi, wannan gaskiya ne, amma ba su da haƙƙin tozarta ka. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton shafin da ke nuna abin da aka ba ka da abin da ake nema, da duk saƙon barazana, da lambobin da suka kira. Sannan ka shiga saitin waya ka janye musu izinin ganin lambobi da hotuna da saƙonni. Ka tura wa 'yan'uwa da abokan aiki gajeren saƙo da kanka cewa kana da bashi kana kan biya, su yi watsi da duk abin da aka aiko musu. Da zarar mutane sun ji daga bakinka, makamin ya dakushe. Ka kai ƙorafi da hotunan ga hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, wadda ke yi wa masu ba da rance ta intanet rajista tun 2022, da hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, da ke aiki da dokar 2023. Daga nan ka rubuta wa kowane kamfani tayinka: za ka biya uwar kuɗi, a yafe ruwa da tara. Da yawa suna karɓa idan suka ga ba za su sami fiye da haka ba. Ka biya ta asusun kamfani kawai, ba na wani ma'aikaci da ya kira ka ba, kuma sai an aiko maka a rubuce cewa wannan adadin ya rufe bashin. Duk abin da aka rage a nan ya koma ga mai hatsi da makaranta.

Mutanen gari kuwa, ƙafa za ka taka. Ka tafi da dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa, liman ko mai unguwa, ka nuna littafin gaba ɗaya. Abin da aka amince a rubuta shi: adadi, ranar biya, abin da aka yafe, sa hannun shaidu biyu, kowa da kwafinsa, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni. Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don kunya. Gara ka ce 3,800 ka cika duk wata da ka ce 20,000 ka saɓa a wata na biyu, domin saɓawar farko ita ke rushe sulhu. Idan wani ya ƙi, a Kano akwai Hisba da zauren sasanci na babbar kotun jiha, inda ake iya mayar da yarjejeniya ta zama hukunci. Yara kuma a mayar da su makarantar da za ka iya biya a ƙarshen zangon nan, bayan kun rubuta da hukumar makarantar yadda za a biya tsohon bashi don su saki sakamakonsu.

Bayan ka sayar da filin ka raba, ka shiga cikin waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba haƙƙi a zakka. Malikiyya sun sharɗanta cewa ba a ɓarna aka ci bashin ba, kuma mutum ya fara ba da abin da ke hannunsa. Bashin abinci da haya da karatun yara ya cika sharaɗin. Ka kai takardunka Hukumar Zakka da Hubusi, ka kuma bari limaminku ya gaya wa masu fitar da zakka a unguwa, suna iya biyan mai hatsi kai tsaye.

In sammaci ya zo, ka je. Rashin zuwa shi ke sa a yanke hukunci a bayanka, a riƙe asusunka ko a aiko a kwashi kaya. Ka amsa abin da yake gaskiya, ka yi jayayya kan abin da aka ƙara, ka miƙa littafinka da takardar albashi da shaidar yadda ka raba kuɗin fili, ka roƙi a yanka maka biya kaɗan-kaɗan. A kotun shari'a ana tabbatar da rashin hali da shaidun da suka san cikinka tare da rantsuwa, kuma wanda ake tsarewa shi ne wanda ake zargin ya ɓoye dukiya ko ba a san halinsa ba. In ba ka da kuɗin lauya, ka nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya da ke jiharka. Kada ka sa hannu a kowace takarda a ofishin 'yan sanda kan alkawarin biya ba tare da lauya ko wani babba naka ya karanta ba.

Rashin barcin nan ma kada ka raina shi. Ka je asibiti a auna jininka cikin makon nan, kuma in tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, ka gaya wa likitan da wani na kusa da kai a ranar. Ranar da albashin gaba ya shigo, ka fara sayen hatsin wata da ware kuɗin haya kafin ka amsa wayar kowa, sannan ka bi jadawalin, kana rubuta kowane biya a shafin mai shi tare da rasit.